Yadda Ake Saƙa Wa Butar Shayi Hula Irin Ta Mutanen Ingila

Mutanen Ingila ba sa wasa da shayi. A ƙarni na 19, zamanin Sarauniya Biktoriya, shan shayin la'asar ya zama al'ada a gidajensu, kuma da yake ƙasar sanyi ce, kafin a zagayo kofi na biyu buta ta huce. Sai suka riƙa sa mata hula mai kauri, baki da mariƙi kaɗai ke leƙowa. Dabara ce mai kyau, kuma ta dace da mu. Duk wadda ta taɓa kai wa maigida shayi zaure da asubahin hunturu, a ƙauyukan Ringim ko Ɗambatta, ta san yadda iskar Janairu ke shanye zafinsa tun ba a gama gaisawa ba. Filas ya fi riƙe zafi, gaskiya ne, amma don zaman sa'a guda a kan tabarma, buta mai hula ta wadatar, ta kuma fi kyan gani.

Uwargida, ki tanadi zaren ulu giram 50, kibiyoyin saƙa biyu masu kaurin milimita 4, babbar allura, almakashi da tef ɗin tela. A takardar zaren ki nemi harufan DK, matsakaicin kauri ke nan a ma'aunin Ingila. In kibiyarki tsohuwa ce mai lambar Ingila, lamba 8 ita ce milimita 4. A tsarinsu, lamba na hawa kibiya na sirancewa, don haka 10 ta fi 8 siranta. Ki sayi zaren gaba ɗaya a rana guda, domin launin wannan ƙulli da na wancan ba lallai su zo ɗaya ba.

Kafin komai, ki gwada zaren. Ki tsinki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana. Gashin tumaki na gaske zai yi ƙaurin gashi, ya bar toka mai murmushewa a yatsa. Na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule baƙi ƙirin, ya yi tauri. Yawancin na kasuwa na roba ne, kuma yana aiki, sai dai kada a kuskura a sa wa buta hularsa tana kan gawayi ko risho. A sauke, a goge baƙin gindinta, a bar ƙarfen ya ɗan sarara tukuna.

Ki auna cikin butar inda ya fi faɗi. A ce ya ba ki santimita 44. Hular falle biyu ce, kowane falle 22. Da wannan zare da wannan kibiya, madauki 22 (wato zoben zaren da ke hawa kan kibiya) ke ba da santimita 10, don haka ki ɗora madauki 48. Kada ki ɗaure su tamau, in ba haka ba bakin hular ba zai wuce cikin buta ba.

Saƙar ita ce gaba biyu, baya biyu, wato madauki biyu da saƙar gaba, biyu da saƙar baya, har ƙarshen layi, kuma kowane layi haka za ki fara shi. Dalilin zaɓen 48 ke nan: huɗu na raba shi daidai, sai ginshiƙan su hau kan juna su miƙe, hular ta riƙa buɗewa tana komawa kamar bakin safa. A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Duk lokacin da za ki sauya daga gaba zuwa baya, zaren ya bi ta tsakanin kibiyoyin biyu. In ya haye ta saman kibiya, sabon madauki ya shigo ke nan, sai ki ga rami, ki ƙirga ki tarar da 49. Ki riƙa ƙirgawa bayan kowane layi huɗu. In kuma madauki ya zame ya fara warwarewa ƙasa kamar tsani, kada ki kwance aikin, ki sa kwarashi ki kamo shi ki hawo da shi mataki mataki.

Idan tsawo ya kai kafaɗar buta, wajen santimita 12, sai ragi. Ki haɗa biyu biyu, na gaba da na gaba, na baya da na baya, saura 24. Ki yi layi guda gaba ɗaya baya ɗaya. Ki sake haɗa biyu biyu, saura 12, ki yi layi guda na baya zalla, ki ƙara haɗawa, saura 6. Ki yanke zaren da tsawon kamu ɗaya, ki zura shi cikin shidan da allura ki tsuke. Falle na biyu ma haka.

Wajen haɗawa, ki ɗora fallayen a jikin butar ki sa alama da zare mai wani launi, kada ki yi kirdado. A kowane gefe ki ɗinke santimita 3 daga ƙasa, ki bar ƙofa, sannan ki ɗinke zuwa sama. Ƙofar mariƙi ta fi ta baki tsawo. Butocinmu na ƙarfe da yawa mariƙinsu a sama yake, to irin wannan kada ki rufe ƙoƙon kan: ki bar shi a buɗe, ki sa igiya ko maɓalli. Mai mariƙi a gefe kuwa, ki ɗaura mata tuntu a ka.

Wadda hannunta ya faɗa tana iya gwada adon Fair Isle, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotlan. Launi biyu ne a kowane layi, wanda ba a saƙawa yana ratsawa ta baya, shi ya sa saƙar ke yin ninki biyu ta fi riƙe zafi. Kada ratsin ya tsallake fiye da madauki biyar, kuma kada a ja shi, don saƙar za ta tattare. Ba ta buɗewa sosai, sai awo ya yi daidai.

Akwai wata ɗabi'ar Ingila da ta cancanci aro: a fara ɗauraye butar da ruwan zafi kafin a zuba shayin, don kada sanyin jikinta ya kwashe zafin. A kuma tace ganyen kafin a sa hula, domin in ya daɗe cikin zafi ɗaci yake yi. Wankin hular da ruwan sanyi, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a inuwa. In an rataye ta a igiya tana jiƙe, nauyin ruwa zai ja ta ta zama zungureriya.