Yadda Za Ka Adana Wayar Walda A Tirela

Malam, in kana yawo da injin walda a tirela, kar ka riƙa jibge waya a ƙasa kamar igiyar guga. Samo tsohon rim ɗin mota guda biyu ka walde su a jikin tirelar, ɗaya na wayar holda (mai riƙe sandar walda) ɗaya na wayar at (wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake waldawa), sai ka riƙa naɗewa da faɗi ba matsewa, don lanƙwasa sosai ita ke karya zaren jan ƙarfen ciki.

Lokacin aiki kuma warware ta duka, in ka barta a naɗe wallahi zafi take ɗauka.

Nisanta ta da salansar janareta, baƙin mai ma yana cin robar. Inda ta yage ka gyara kafin ka kunna. Da dare sa kwaɗo, ɓarayin waya ba sa barci.