Yadda ake nazarin labarin al'ummar da ta gurɓace: ɗa'a, kimiyya da sanin kai

Irin wannan ƙagaggen labari yana zana duniyar da a ido komai ya tsaru, amma a ciki an mayar da ɗan'adam kayan aiki. Littafi irin wannan na bukatar karatu biyu. A na farko ka ajiye alƙalami, ka bi labarin kawai. A na biyu ka tanadi biro kala uku: ɗaya don duk inda aka yi wa mutum abu ba da yardarsa ba, ɗaya don fasahar da aka yi aikin da ita, ɗaya kuma don inda tauraron labarin ke tambayar kansa ko shi wane ne. Kowace alama ka rubuta lambar shafinta.

Ka duba shekarar da littafin ya fito, domin tsoron zamaninsa marubuci ke rubutawa. Aldous Huxley ya fitar da Brave New World a 1932, lokacin da tsarin ƙera motoci na Henry Ford ke tashe, shi ya sa a littafin ake haɗa jarirai cikin kwalabe, a kasa su aji biyar tun kafin su yi kukan farko. Never Let Me Go na Kazuo Ishiguro ya fito a 2005, shekara tara bayan haihuwar tunkiya Dolly, wadda masana suka kwafo daga ƙwayar halittar wata tunkiya a 1996.

Inda ya fi cancantar ɓata lokaci shi ne kalmomi. Al'ummar da ke aikata ɓarna takan sa wa ɓarnar suna mai daɗi. A littafin Ishiguro ana rainon yaran da aka kwafo ne, kamar yadda aka kwafo Dolly, don a riƙa cire sassan jikinsu idan sun girma, amma ana kiransu masu bayarwa, kamar da son ransu suke yi. Wanda rai ya yi wa halinsa bayan tiyata ba a cewa ya mutu, sai a ce ya kammala. Ka ja layi uku a takarda: kalmar, abin da take ɓoyewa, da wanda ke cin moriyar ɓoyewar. Kalma goma sun isa gina muƙala guda. Sunaye ma hujja ne. Mai ba da labarin sunanta Kathy H., harafi ɗaya tak a gurbin da sunan dangi zai zauna, saboda ba ta da uwa ba ta da uba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tambayar ko kimiyya alheri ce ko sharri. Wannan tambaya ba ta kai mutum ko'ina, domin tiyatar da ke kashe mai bayarwa ita ce ke raya wani majinyaci. Ka tambaya dai: wa ya yanke hukunci, jikin wa ya biya, shin an ba shi zaɓi?

Kada kuma ka ɗauki natsuwar mai ba da labari a matsayin amincewar marubuci. Kathy na faɗin abubuwa masu tayar da hankali cikin sanyin murya domin haka aka tarbiyyantar da ita, kuma sanyin nan shi ne abin nazarin.

Wajen rubutu, kada ka sake zayyano labarin, mai duba aikinka ya riga ya karanta shi. Ka tsayar da magana ɗaya, ka kafa ta da wurare uku daga farko, tsakiya da ƙarshen littafin, kowane tsakure kada ya wuce layi biyu.