Kafin ku sayi kwalin 'yar tsana a rufe

Jama'a, masu sayen kwalin kamfanin Pop Mart ɗaiɗai, wanda ba a sanin 'yar tsanar da ke ciki sai an buɗe, don neman ɓoyayyar 'yar tsanar nan da ba kasafai ake dacewa da ita ba, ku fara duba gefen kwalin ku ga yiwuwar samunta. A jerin da ke da kala 12, galibi guda ɗaya ce cikin kwali 144. A jerin 'yar tsanar Labubu mai gashi, mai kala 6, ɗaya ce cikin 72. In cika jeri kuke so, ku ɗauki babban kwali mai ɗauke da ƙananan kwalayen jerin, da ledarsa ba a yage ba, domin a cikinsa babu maimaici. Sai dai in an dace da ɓoyayyar, ita ke maye gurbin ɗaya, jerin ya rage saura guda.

Jabu kuwa ya yi yawa. Labubu ta gaske haƙoranta tara ne cif, ku ƙirga. Ku duba lambar QR ta jikin kwalin da waya, ku tabbata shafin kamfanin ta kai ku, don masu jabu ma suna buga tasu. Fentin da ya zarce layi, ko fuska mai ƙyalli fiye da kima, alama ce mara kyau.

Ku buɗe kwalin ta ƙasa da reza a hankali, ku adana shi tare da katin da ke ciki. In babu su, farashi faɗuwa yake yi ranar musaya ko sayarwa.

Rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, zafi kuma yana sa ta danƙo. Kabad mai gilashi nesa da taga ya wadatar. Ƙura a share ta da burushi mai laushi, ban da sinadarin goge farce, yana cinye fenti nan take.