Yadda ake haɗa bidiyon taƙaita lokaci da hotunan kyamarar daji

Duk wanda ya taɓa riƙe amanar ginin ɗan'uwa da ke Turai ya san irin kiran da ke shigowa bayan sallar Isha: an kai linta? Siminti nawa ya rage? Yayana yana Jamus, ni ina Aboabo a nan Kumasi, filin kuma yana can bayan gari, tafiyar motar haya (trotro) biyu. Abin da ya kawo mana sauƙi wata ƙaramar kyamara ce irin wadda mafarauta da masu binciken namun daji ke ɗaurewa a jikin bishiya. Na saye ta ne tun farko don in ga abin da ke ɓarnar masara a gona, ashe gafiya ce. Da na mayar da ita wurin ginin, aikin wata uku ya koma bidiyon minti ɗaya da rabi, daga harsashi har aka ɗora kwano.

Wannan kyamara tana aiki iri biyu. Akwai ɗaukar motsi, inda take jin ɗumin jikin abin da ya gifta sai ta ɗauka. Akwai kuma ɗauka bisa agogo, wadda a saitin yawancinsu za ka ga an rubuta Time Lapse. Ta biyun muke so. Kafin ka ba da kuɗinka, ko a shagunan Adum da ke tsakiyar Kumasi ne ko wurin masu kayan gwanjo, buɗe saitin ka ga wannan rubutu da idonka, domin ba kowace ce ke da shi ba.

Fara da lissafi tun kana gida. Bidiyo hotuna ne da ke bin juna da sauri, kuma hoto 24 a daƙiƙa ɗaya ya isa ido ya ga motsi sumul. A Kumasi rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe ta faɗi wajen 6 na yamma kusan duk shekara, wato awa 12. In ka sa kyamara ta ɗauki hoto kowane rabin awa, ka samu hoto 24 a wuni, sai kwana ɗaya ya zama daƙiƙa ɗaya cif. Kwana 90 zai ba ka hoto 2,160, wato daƙiƙa 90. Ga gini ko shuka wannan ya wadatar. Idan abin wuni ɗaya ne, kamar cikowar kasuwar raguna ana gobe Babbar Sallah, sai ka matse tazarar zuwa daƙiƙa 10 ko 15.

Saita kwanan wata da agogo daidai, ka sake dubawa duk lokacin da ka canza batir, don wasu suna mantawa su koma ranar da aka ƙera su. Kashe ɗaukar motsi, in ba haka ba kowace akuya da ta wuce za ta cusa hotonta a tsakiya ta ɓata jerin. Taƙaita lokacin aiki daga safe zuwa yamma: hoton dare baƙi da fari yake fitowa, kuma fitilar daren ce ta fi shan batir. Girman hoto kar ya ruɗe ka. Megafiksel 5 ko 8 ya fi ƙarfin abin da bidiyo ke buƙata. Katin memori na giga 32 ya isa, amma ka goge shi a cikin kyamarar kanta kafin ka fara.

Yanzu ga inda nake so a tsaya da kyau, domin bidiyon nan ranar ɗaurin kyamara ake cin nasararsa ko a yi asararsa. Kwamfuta ba ta iya gyara kyamarar da ta yi ta kaɗawa. Zangona na farko, mako biyu cur, a banza ya tafi, saboda a jikin wata siririyar bishiyar mangwaro na ɗaure ta. Kowace iska ta taso sai hoton ya karkata, da na haɗa su kuwa ginin sai rawa yake yi kamar ana girgizar ƙasa. Nemi bango, ko gindin babbar bishiya, ko ka sa maƙeri ya yi maka turken ƙarfe ka kafa shi da siminti. Madaurin da ke zuwa da kyamarar yana saki in ya sha rana da ruwa. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo ya fi, kuma masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, za su ƙera maka shi in ka kai musu kyamarar su auna. Ya tsare ta daga motsi, ya tsare ta daga mai dogon hannu.

Kar ta fuskanci gabas ko yamma, don rana za ta shiga idonta safe ko maraice ta wanke hoton fari fat. Arewa ko kudu. Ɗaga ta sama da tsayin mutum, ka ɗan sunkuyar da ita. Sannan ka tuna ginin zai tashi: bar sarari a saman hoton, kar ranar ɗora kwano ka tarar rufin ya fita daga ciki. Haka ciyawar da ke gabanta, da damina cikin mako biyu za ta rufe ido, don haka a sare ta. Ɗauki hoton gwaji, ka duba, ka gyara, ka sake dubawa, daga nan kar ka ƙara taɓa turken.

Abu ɗaya da ban yarda a tsallake ba: ka gaya wa magina da leburori akwai kyamara, ka nuna musu inda take. Kuma kar idonta ya leƙa tsakar gidan maƙwabta. Haƙƙin mutane ne, kuma wanda aka gaya wa shi ne zai taya ka tsaronta.

Ziyara duk mako biyu ta isa. Tafi da kati na biyu, ka kashe kyamarar tukuna, ka zare wancan ka sa wannan a hankali ba tare da ka ture ta ba. Goge idonta da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da ƙura ke sauka, ka kuma cire saƙar gizo-gizo. Da damina danshin Kumasi yana sa idon ya yi raɓa ta ciki, sai ka jefa ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi. Batir kuwa, ka guji mai arha na tocila, yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki.

In ka dawo gida, kwafe komai a kwamfuta, kowane zuwa da foldarsa, domin sabon kati yakan sake fara lamba daga ɗaya, sunaye su yi karo wani ya danne wani. Ajiye wannan a matsayin asali. A kwafi na biyu za ka yi tankaɗe da rairaya: fitar da masu duhu, da waɗanda ɗigon ruwa ya rufe, da wanda fuskarka ta cika shi ranar canza kati. Ranakun da ba a yi aiki ba ni barinsu nake yi a ciki, don mai gini ya ga gaskiyar yadda aka tafi.

Sai jerawa. Tara su a folda ɗaya, ka jera su bisa ranar ɗauka, ka zaɓe su duka, ka danna na farkon da maɓallin dama na linzami ka canza masa suna zuwa gini. Windows zai mayar da su gini (1), gini (2), har ƙarshe. Yi wannan bayan ka gama gogewa, domin in lamba ɗaya ta ɓace a tsakiya, nan manhajar haɗa bidiyon za ta tsaya.

Manhajar Shotcut kyauta ce: buɗe hoton farko, ka shiga Properties ka sa alama a Image sequence, ka ja shi zuwa layin aiki ka fitar da bidiyo. Wanda bai tsoron rubuta umarni, wata manhajar mai suna FFmpeg ta fi sauri. A cikin foldar ka buɗe tagar rubuta umarni (Command Prompt) ka rubuta:

ffmpeg -framerate 24 -i "gini (%d).jpg" -vf "scale=1280:-2,deflicker" -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p gini.mp4

Kalmar deflicker tana rage walƙiyar da ke faruwa in hoto ɗaya rana, na gaba hadari. In har yanzu inuwa tana ta zagaye tana ɗaukar ido, zaɓi hotunan ƙarfe 10 zuwa 2 kawai, lokacin da rana take tsaka, ka rage 24 ɗin zuwa 12. A waya ma ana yi da CapCut, amma hoto dubu biyu zai wahalar da ita.

Layin da ke ƙasan hoto mai nuna kwanan wata da awa, kar ka yanke shi. Shi Yaya ya fi kallo. Wajen turawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil maimakon bidiyo, don kar a matse shi bulo ya daina fitowa ɗaya-ɗaya.