Kurakuran da muke tafkawa in ana musun gola a gidan kallo

Shekara da shekaru ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a wajajen Ƙofar Ƙaura, kuma kowace kaka sai an samu sababbin samari da ke zuwa da maganganun da yayyensu suka bari. Ƙwallo ta shiga, tun raga ba ta daina motsi ba wani ya miƙe daga bencin baya yana cewa, "Wannan gola ai kwando ne!" Bakina ya gaji da gyara, gara in rubuta.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne fara lissafin laifi daga mutum na ƙarshe. Ku tuna wasanmu da Tunisiya a gasar cin kofin Afirka a Garwa ta Kamaru, ranar 23 ga Janairun 2022, bayan Super Eagles sun cinye wasanninsu uku na rukuni. Youssef Msakni na Tunisiya ya buga daga wajen sha takwas, wato akwatin da ke gaban raga, ƙwallo ta taɓa hannun golanmu Maduka Okoye ta wuce, aka fitar da mu da ci ɗaya. Ya kamata ya ture ta? E, ya kamata. Amma wa ya bar Msakni ya juyo, ya ɗaga kai, ya zaɓi inda yake so? Ina 'yan tsakiya suke? Muna da kusan rabin wasa don mu rama, sai Iwobi ya shigo ya karɓi jan kati, 'yan gaba kuma ba su ci ko ɗaya ba. A daren nan wani bawan Allah ya ce ba laifin gola ba ne shi kaɗai, aka yi masa caa, daga baki aka koma hannu. Benci ya karye, aka ture talabijin ɗina ta fashe, kuɗin da na tara don gyaran janareta suka tafi wajen sayen wata. To tun daga nan na kafa doka: duk mai son zagin gola a wurina sai ya fara faɗa mini inda aka yi asarar ƙwallon da wanda ya kamata ya tare mai bugu. In bai sani ba, ya zauna ya sha lemonsa.

Na biyu ɗan'uwan na farko ne, wato haddace maganar masu sharhi a talabijin. Malam, mutumin nan yana zaune cikin sanyin na'ura, an maimaita masa bugun ta kowane ɓangare, a hankali, an tsayar masa da hoto ya zana da'ira. In aka rage gudun hoto kowace ƙwallo kama take da mai sauƙin kamawa. Shi kuwa gola yana tsare da raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, ga ƙafafun mutane sun rufe masa gani. Sannan ku duba su wane ne ke sharhin. Gary Neville da Jamie Carragher 'yan baya ne, Roy Keane ɗan tsakiya ne. Sun san ƙwallo, ban isa in musa ba, amma ba su rayu a tsakanin turaku ba, kuma an ɗauke su ne su faɗi abin da zai riƙe mai kallo kafin a dawo daga hutun rabin lokaci. Ga Loris Karius, golan Liverpool a lokacin, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2018, da Real Madrid ta ci Liverpool 3-1. An yanke masa hukunci tun kafin a miƙa kofi. Sai daga baya likitoci a Boston ta Amurka suka gano ya samu buguwa a kai bayan karon da ya yi da Sergio Ramos. Ko ita ce ta jawo kurakuransa biyu ko ba ita ba ce, babu wanda ya jira ya ji. Ni abin da nake yi, in za a maimaita ci sai in rage murya gaba ɗaya, in kalli wanda aka nuna da gudunsa na asali, ido a kan ƙafafun gola kafin a buga. Yawancin kuskurensu a tsayuwa yake, ba a tsalle ba.

Sauran ƙanana ne. Cewa "ba a cin gola a turken kusa" magana ce ta haddace, in ya manne a can ya bar muku na nesa a buɗe, shi ma za ku zage shi. Fenareti daga mita 11 ake buga ta, wanda ya ɓarar ake tuhuma, gola in ya ture kyauta ce, kamar guda biyun da golanmu Stanley Nwabali ya ture a wasanmu da Afirka ta Kudu a 2024. Kada ku auna gola da sakamako: golanmu Vincent Enyeama an ci shi ɗaya a wasanmu da Ajantina na kofin duniya na 2010, shi kuma aka ba gwarzon wasa.

Masu ihun "Buga gaba!" duk lokacin da gola ya ba ɗan baya gajeriyar ƙwallo, koci ne ya sa shi, kuma tun 2019 doka ta yarda a karɓi bugun gola a cikin sha takwas. Haka masu ƙirga daƙiƙa shida in gola ya riƙe ƙwallo a hannu, an mayar da ita takwas a 2025, hukuncinta kuma bugun kwana ne. Ku daina musu da dokar da aka soke, don Allah.

Wanda yake son ya iya wannan musu da gaske, ranar da Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko ya nemi wuri ta bayan raga. Zai ji yadda gola ke yi wa 'yan bayansa tsawa, ya ga yadda yake matsawa taku biyu tun ƙwallo tana tsakiyar fili, abubuwan da kyamara ba ta cika nunawa ba. In ya dawo, zan ba shi bencin gaba mu yi magana.