Darasi Na 9: Yadda Kaka Za Ta Isa Bakin Bahar

KARATU

Daren Juma'a ne, bayan sallar isha'i. Zafin Jidda ya ɗan sauka, amma gumi bai bar jiki ba. Kaka ta ce wa jikanta ya kai ta Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin ruwa, ta sha iska. Ya ɗauki darduma da filas ɗin shayi, suka shiga mota.

Wurin ajiye motoci na gefen ruwa ya cika, sai direba ya sauke su a tsallaken titi.

Yaron ya ce, "Hajiya, ga ruwa can. Taho mu tsallaka."

Ta ce, "Dakata, maigida. Ƙafar nan ba irin taka ba ce."

Suka tsaya. Motoci suna ta wucewa, layi uku masu zuwa, layi uku masu dawowa. Babu fitilar ba da hannu, babu zanen tsallakawa. Sau biyu ta sa ƙafa, sau biyu ta janye. Daga baya ta ce ya shimfiɗa mata dardumar a inda suke. A nan suka sha shayinsu, tana hango fitilun bakin ruwa ta tsakanin motoci.

Malami ya karanta sau ɗaya, ɗalibai su karanta sau biyu. Sannan a tambaya: wa ya hana Kaka isa bakin Bahar?

Wasu za su ce tsufa. Wasu za su ce direbobi. Ni dai na ce wanda ya zana titin ne. Ya yi lissafin mota, bai yi lissafin Kaka ba.

WURIN DA MUKE MAGANA

Jidda tana bakin Bahar Maliya, ruwan yana yamma da gari. Shi ya sa mai salla a Kurnish yake ba ruwa baya, don Makka tana gabas. Kurnish ɗin ya kai kusan kilomita 30. A can ne maɓulɓular Sarki Fahad take, wadda aka buɗe a 1985, da Masallacin Rahama da aka gina a kan ruwa. A ƙarshen 2017 aka buɗe sabon ɓangare a arewa mai tsawon fiye da kilomita 4, da hanyar ƙafa da wuraren wasan yara. Aiki ne mai kyau, duk wanda ya je ya gani. Abin da muke koyo yau shi ne yadda za mu duba irin wannan wuri da idon mai gini, mu san abin da aka yi daidai da abin da ya rage.

Kalmomin da muke ji a bakin Larabawa, a rubuta su a allo da ma'anarsu. Mamsha ita ce hanyar masu tafiya da ƙafa. Rasif shi ne dakalin gefen titi. Ishara ita ce fitilar ba da hannu, wadda a gida muke ce wa danja. Kubri gada ce. Maɗab shi ne tudun da ake yi a titi don mota ta rage gudu.

A kula da kalma ɗaya. A Hausa daƙiƙa ƙaramin lokaci ce, sittin ɗinta ke yin minti ɗaya. A Larabci kuwa daƙiƙa ita ce mintin kanta. Don kada mu rikice, a wannan darasi sakan za mu riƙa cewa.

LISSAFIN TSALLAKAWA

A nan za mu daɗe, don shi ne zuciyar darasin.

Layin mota ɗaya a babban titi yakan kai mita 3 da rabi. Titin da ya tare Kaka layi 6 ne. A ninka: 6 sau 3 da rabi, mita 21 ke nan.

Mutum mai ƙarfi yana cin kamar mita 1 da santimita 20 a sakan ɗaya. Mita 21 za ta ɗauke shi kusan sakan 18. A ce Kaka, da sandarta, santimita 70 take ci a sakan. Ita sai ta yi sakan 30.

Yanzu a dubi mota. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kilomita 1 a minti ɗaya. Sakan 30 rabin minti ne, wato mita 500. Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Motar da take nesa da rabin kilomita, wadda idon Kaka bai ma gane ta ba cikin dare, za ta iso kafin ta gama tsallakawa. Ashe tsoron da ta ji ba na banza ba ne. Lissafinta daidai ne, ko da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

To, me ake yi?

Abu na farko, a raba titin biyu. A gina tsibiri a tsakiya, wurin tsayawa mai faɗin da ya kai mita 2, yadda keken guragu ko keken jariri zai shiga ba tare da ƙafarsa ta leƙo titi ba. Sai Kaka ta tsallaka layi 3, ta huta, ta dubi ɓangare ɗaya kawai, ta ƙarasa. Sakan 15 sau biyu ya fi sakan 30 a jere sauƙi nesa ba kusa ba.

Sannan a rage gudun. Mota a kilomita 30 tana cin mita 8 da ɗoriya a sakan, a kilomita 60 kuwa kusan mita 17. Kafin direba ya ga mutum ya kai ƙafarsa kan birki, sakan ɗaya ta wuce, wani lokaci fiye. Wanda mota ta buge a gudun 30 galibi yakan rayu. A gudun 60 sau da yawa sai dai addu'a. Shi ya sa taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokhom, babban birnin Suwidin, a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a inda mutane da motoci suke cuɗanya. Allon da aka rubuta 30 shi kaɗai ba ya hana gudu. Kamarar Sahir, mai kama masu gudu, tana taimakawa, amma direba yakan rage a gabanta ya ƙara a bayanta. Abin da ke hana shi da gaske shi ne ginin titin: a matse layin, a ɗaga wurin tsallakawa ya yi tsayi ɗaya da rasif, ya zama maɗab mai faɗi da mutum ke takawa a kai.

Idan aka sa ishara, a ba ta lokacin Kaka, ba lokacin jikanta ba.

Wani zai ce, ai kubri ya fi, hanyar lafiya a bi ta da shekara. A kan babbar hanyar Makka, inda ba a tsayar da mota, na yarda. A bakin ruwa ban yarda ba. Gadar da babbar mota za ta wuce ƙarƙashinta tana da matakala fiye da 30. Mai ciwon gwiwa ba za ta hau ba, mai juna biyu da goyo ba za ta hau ba. Idan babu na'urar hawa mai aiki, gadar ta masu lafiya ce kawai, su kuma ba su ne abin damuwarmu ba.

Lissafi ɗaya ya rage. Inda rasif ya sauka kan titi ana yin gangare don keken guragu. Ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Rasif mai tsayin santimita 15 yana son gangare mai santimita 180. Ku lissafa na mai santimita 20 da kanku.

JERIN ABUBUWA DAGA RUWA ZUWA TITI

Mai tafiya a hankali shi ke kusa da ruwa, mai gudu shi ke nesa. Bayan shingen ruwa sai mamsha. Bayanta wurin zama, sannan hanyar keke, sannan layin itatuwa, sai mota a ƙarshe.

Mamsha ta yi faɗi. Keken guragu biyu ba sa wuce juna a ƙasa da santimita 180, mu kuma ba ma tafiya ɗaya bayan ɗaya. Iyali guda sukan jera mutum biyar. Wurin zaman ma a yi shi don yadda mutanen Jidda suke zama, a ƙasa, a kan darduma, da tire a tsakiya. Benci shi kaɗai bai isa ba, kodayake tsofaffi suna buƙatarsa kusa-kusa, mai wurin jingina da wurin dafawa. Mai sayar da balila da iyayenmu mata masu tallar gyaɗa a ware musu gurbi a gefe. In ba a ware ba, za su zauna a tsakiyar hanya, don neman abinci ba ya jiran zane.

Maganar inuwa kuwa, dabino yana da kyan gani a hoto, amma inuwarsa ta giginya ce, na nesa ka sha. Wanda ya yi tsayuwar Arfa ya san dogon yaro, ya san yadda yake rufe mutum. Kurna ma, wadda Larabawa ke ce wa sidir, tana jure zafi da ƙarancin ruwa. Da la'asar rana ta ɓangaren ruwa take dukan mutum, don haka a lura da inda inuwar za ta faɗi kafin a haƙa ramin shuka.

KEKE

A cikin gari akwai wurin da ake kira Midan Darraja, inda aka kafa ƙaton keken ƙarfe. Yana cikin kayan adon da aka ƙawata Jidda da su zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi. Kullum na wuce wurin nakan tuna da masu keken gaske, waɗanda ke ratsa motoci da bokiti a rataye za su wankin mota, ko da buhun gwangwani a baya. Da yawansu 'yan'uwanmu ne. Keken nan shi ne jarinsu.

Hanyar keke ta hannu ɗaya tana son mita 1 da rabi. Ta zuwa da dawowa tana son kusan mita 3. Fenti kawai ba ya kare kowa, a sa dakali ko shuka tsakaninta da mota. Tsakaninta da mamsha ma a sa abin da ƙafa za ta ji, don yaro ɗan shekara uku ba ya karanta launi, makaho ma haka. A bar tazara daga motocin da aka ajiye, saboda ƙofar da aka buɗe ba zato ta kayar da masu keke da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar da ta fara a Kurnish ta ƙare a Kurnish. Irin wannan ta mai ɗora kekensa a bayan mota ce, ya zo ya motsa jiki ya koma. Wannan ma alheri ne. Amma mai tasowa daga unguwa a kan keke fa? Sai an ja hanyar ta shiga unguwanni kafin ta amfane shi.

Ruwan sama ba ya yawan zuwa Jidda, amma ba mu manta da ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ba, da ta ci rayuka fiye da 100. Allah ya jiƙansu. Ruwan daga duwatsun gabas yake gangarowa ya nufi Bahar, don haka dole a bar masa magudana. Murfin magudanar a kwantar da ƙarafansa a gicciye, kada tayar keke ta faɗa tsakaninsu.

AIKIN MAKO

Takun babban mutum kamar santimita 70 ne, taku 10 mita 7 ke nan. Kowa ya zaɓi titi ɗaya da yake tsallakawa kullum, na hanyar masallaci ko na makarantar yara. Kada a shiga tsakiyar titi don awo. A tsaya a gefe a ƙirga layukan mota, a ninka da 3 da rabi. Rasif shi ne za a auna da taku. In akwai ishara, a duba agogon waya a ga sakan nawa take ba masu ƙafa.

A rubuta jimla huɗu a littafi: sunan titin, faɗinsa, abin da babu, da abin da ake so a yi. Misali: "Titin gaban masallacinmu layi 4 ne. Faɗinsa mita 14. Babu wurin tsayawa a tsakiya. Muna roƙon a gina shi."

Lambar kai ƙorafi ga Amana, hukumar birni, ita ce 940. Wanda Larabcinsa bai nuna ba, ko ba ya son ya kira da kansa, ya kawo littafinsa aji. Za mu haɗa su wuri ɗaya, mu fara da titin da sunansa ya fi fitowa.