Kurakuran da Na Gaji da Gani a Ɗakin Injin Ruwan Sanyi

Duk wanda ya yi salla a Masallacin Annabi (SAW) a Madina ya sha sanyi bai ga inji ko ɗaya ba. Injinan suna can wata tasha mai nisan kusan kilomita 7, ruwan sanyi kawai ake turowa ta bututu a ƙarƙashin ƙasa. Haka ake yi wa unguwanni a Dubai da Abu Dabi da Doha: tasha ɗaya ta sanyaya ruwa, gine-gine su saya. Na yi shekaru a ɗakin injin wani dogon bene a Dubai, kuma duk yaron da aka haɗa ni da shi sai ya taka inda na taka.

Babban laifi shi ne mayar wa tasha ruwanta da sanyinsa. Ruwan yakan shigo a digiri 4 zuwa 5, ana so ya koma a 13 ko 14, ya kwashe zafin ginin. Wannan tazarar ita ake kira dalta-ti, kuma tana cikin yarjejeniya. A shekarata ta farko masu haya a hawan sama suka ishe ni da kukan zafi. Sai na buɗe bawul ɗin kewaye, wanda ke barin ruwan sanyi ya koma tasha ba tare da ya kwashi zafi ba, na ƙara wa famfo gudu, na zauna ina jin kaina gwani. Zafi bai ragu ba, ruwa kuwa ya riƙa komawa a digiri 8. Ƙarshen wata takarda ta zo daga tasha, an ci mu tara. Maigidana bai ɗaga murya ba, ajiye ta kawai ya yi a gabana ya ce, "Malam, karanta mana." Da na hau sama, ashe matatun iska ne ƙura ta toshe, kwayil kuma, wato naɗaɗɗen bututun da ke sanyaya iskar, ta yi baƙi ƙirin. Aikin buroshi da ruwa!

Kai da ke saurin taɓa famfo, yi lissafi. Idan tazarar ta ragu da rabi, sai an ninka ruwan kafin a sami sanyi iri ɗaya. Famfo kuwa in ka ninka gudunsa, wutar da zai ci ta kusa ninki takwas. Ni yanzu ko wa ya kira, ma'aunin zafi nake ɗauka in hau bene da ƙafata. Bawul mai hanya uku kuma, da yake shi ma yana mayar da ruwa da sanyinsa, inda duk na gan shi sai na nemi a sauya shi da mai hanya biyu. Wasu injiniyoyi suna cewa na cika tsanani. Su ba su karanta waccan takardar ba.

Sai masu murɗa na'urar saita sanyin ɗaki zuwa digiri 16 wai don ɗaki ya yi saurin sanyi. Ba ya yi. Bawul ne kawai zai wangame ya ƙi rufuwa. Ni a 23 nake kullewa, mai ƙorafi ya same ni.

Kada ka yarda a rubuta wa gini tan fiye da bukatarsa "saboda tsaro". Tan ɗaya kilowat 3.5 ne na sanyi, kuma kuɗin abin da ka kama za ka biya har a watan Janairu, ko ka sha ko ba ka sha ba.

Bututun da rigarsa mai tare zafi ta yage yana gumi, a naɗe shi yau. Farantan musayar zafi, inda ruwan tasha ke sanyaya ruwan gini, suna tara dauɗa, a wanke su kafin bazara. Ma'aunin da ke jikin bututu ma yana ƙarya; nakan gwada nawa cikin ruwan ƙanƙara, in bai nuna sifiri ba in cire shi.